Ɗakin Kukan Yusufu Da Nawayar Ma'aikatan Jinya

Karatunmu: Farawa 43:26-34; Markus 5:21-43; Markus 6:30-32

Muna gaishe da 'yan'uwa na Bodinga da Shagari, da na Yabo da Dange, da dukan waɗanda muryarmu take kaiwa gare su, har da maƙwabtanmu Musulmi waɗanda sukan buɗe rediyo tare da mu. Gaisuwa ta musamman kuwa ga waɗanda suke jinmu daga gadon asibiti, da masu zaman jinyarsu, da ma'aikatan da suka kwana a tsaye dominsu. Allah ya ba da sauƙi, ya kuma sa albarka a hannun masu aiki.

Yau muna so mu yi tunani a kan ma'aikatan jinya, wato nas-nas da ungozomomi, mata da maza. Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti ya san abin da hannuwansu suke yi. Su ne masu allura da ƙarin ruwa, su ne masu wanke gyambo da juya wanda ba ya iya juyawa. Amma akwai wani aiki da suke yi wanda ba a rubuta shi a katin majinyaci, ba a kuma lissafa shi a takardar albashi. Aikin nan shi ne riƙe zuciya da gyara fuska domin wani ya sami ƙarfi. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. Gaskiya ne. Sai dai ba mu cika tambaya ba, shi mai shimfiɗa fuskar nan, me take cinye masa?

YUSUFU YA NEMI WURIN KUKA

Bari mu duba Littafi Mai Tsarki. A Farawa sura 43 mun iske Yusufu yana mulki a Masar a tsakiyar yunwa. Shi ne aka danƙa wa rumbunan hatsi, mayunwata daga ƙasashe suna zuwa wurinsa. Sai ga 'yan'uwansa waɗanda suka sayar da shi sun dawo karo na biyu, wannan karo tare da Biliyaminu, ƙanensa, ɗan mahaifiyarsa. Sun fi shekara ashirin rabonsu da juna. Da Yusufu ya ɗaga ido ya gan shi, zuciyarsa ta narke. Aya ta 30 da ta 31 sun gaya mana abin da ya yi. Ya yi gaggawar barin wurin, ya shiga ɗaki shi kaɗai, ya zub da hawaye har ya ƙoshi. Daga baya ya sa ruwa a fuska, ya komo wurin baƙinsa a natse, ya ba da umarni a ci gaba da hidimar abinci.

Mun sani dalilin Yusufu dabam yake da na ma'aikaciyar jinya. Shi yana gwada 'yan'uwansa ne, lokacin bayyana kansa bai yi ba tukuna. Duk da haka, abin da ya yi da jikinsa, shi ne abin da dubban nas-nas suke yi kowace rana ta Allah. Zuciya ta cika, amma akwai mutane suna jira. Sai a ruga bayan ɗaki, ko wurin famfo, ko ɗakin ajiyar magani, a share ido da bakin mayafi, a komo a ce wa na gado na gaba, "Sannu Baba, yaya jiki?"

Ku lura da abu biyu. Na fari, Nassi bai zargi Yusufu da munafunci ba domin ya ɓoye hawayensa. Kamun kai domin aikin da ke gaba abu ne mai kyau. Na biyu, Nassi bai zarge shi da rashin bangaskiya ba domin ya yi kuka. A sura 42 ya juya musu baya ya yi kuka. A sura 43 ya shiga ɗaki. A sura 45 kuwa ya kasa daurewa, ya ta da murya har Masarawa suka ji. Mutumin nan da Allah yake tare da shi yana da ɗakin kuka, ranar buɗe zuciyarsa kuma ta zo. Tambayarmu ta yau ita ce, ma'aikatan jinyarmu suna da irin wannan ɗaki?

MASANA SUN BA WANNAN AIKI SUNA

A shekara ta 1983 wata malama a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, Arlie Hochschild, ta buga sakamakon binciken da ta yi a kan mata masu hidima cikin jiragen sama. Ta ga ana koya musu murmushi kamar yadda ake koya musu sauran aiki, ko fasinja ya zage su dole fuska ta kasance a sake. Ta ce wannan ma ƙwadago ne, domin ana hayar mutum ya sarrafa abin da yake ji don a sa wani ya ji daɗi. Da Hausa za mu iya ce da shi ƙwadagon zuciya. Bayan shekara tara, a 1992, wata malamar jinya a Ingila mai suna Pam Smith ta nuna yadda wannan ƙwadago yake a tsakiyar aikin nas, ko da yake ba safai ake koyar da shi a aji ko a yaba wa mai yinsa ba.

Malama Hochschild ta raba shi hanya biyu. Akwai gyaran fuska kawai, wato zuciya tana tafasa amma baki yana yaƙe. Akwai kuma gyaran zuciya, wato mutum ya yi ƙoƙari ya sāke yadda yake kallon wanda ke gabansa, har tausayin ya zama na gaske. Misali, tsoho ya yi wa nas tsawa. Tana iya haɗiye fushi ta yi masa dariyar yaƙe. Tana kuma iya tunawa cewa tsohon nan ya sayar da akuyarsa kafin ya zo, tsoro ne yake magana a bakinsa, sai fushin ya sauka da kansa. Binciken da aka yi ta yi daga baya ya nuna cewa hanya ta fari ita ta fi gajiyar da mutum. Wanda ya daɗe fuskarsa tana faɗin abu ɗaya zuciyarsa tana faɗin wani, a ƙarshe yakan rasa sanin abin da shi kansa yake ji. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan ƙonewar ƙarfi a matsayin matsalar da ke fitowa daga wurin aiki, ta kuma ba da alamunta uku: gajiya mai tsanani, da janyewar zuciya daga aikin, da raguwar ƙwazo.

ABIN DA WATA 'YAR'UWA TA FAƊA MANA

Wata 'yar'uwa cikin ikilisiya, ungozoma wadda ta daɗe tana aiki, ta daina zuwa sujada na wasu watanni. Mu kuwa, sai mu faɗi laifinmu, muka fara cewa ta ja da baya. Da muka tafi gidanta tare da uwargida, sai ta ba mu labarin wani dare. An kawo wata yarinya daga ƙauye a kan babur, ta kwana biyu tana naƙuda a gida. Babu wuta, da tocilan aka yi aiki. An ceci uwar, jaririn kuwa ya riga ya tafi. Dangi suka taso mata da faɗa a bakin ƙofa. Tana cikin ba su haƙuri, sai ga wata a gado na biyu haihuwa ta zo. Ta wanke hannu, ta saki fuska, ta karɓi ɗa mai rai, ta yi wa mai jego barka. Da gari ya waye ta koma gida ta ɗora wa yara koko.

Muka ce mata, lalle daren nan ya yi nauyi. Sai ta ce, "Baba Fasto, irin wannan dare ba ya ƙirguwa. Abin da ya ba ni tsoro shi ne, na naɗe jaririn nan a zane ban ji kome ba." Ta ce tun daga ranar take jin kunyar shiga ɗakin sujada, domin tana ganin zuciyarta ta zama dutse, Allah kuma ba zai karɓi waƙar mai zuciyar dutse ba. Ga shi kuma duk wanda ya tare ta a coci, maganar magani yake kawo mata. Wannan ya ce a duba masa jini, wancan ya miƙo takardar likita. Ba wanda ya taɓa tambayarta yadda take.

'Yan'uwa, mun bar gidan nan da kunya. Mun je neman ɓatacciyar tunkiya, muka iske mu ne muka ƙara mata kaya.

RUWA BA YA TSAMI BANZA

Mutane da yawa suna kuka da nas-nas, suna cewa ba su da fara'a, suna da tsawa. Ba za mu ce ƙarya ne ba. Akwai masu wulakanta talaka, akwai masu zagin mace a kan gadon haihuwa, wannan kuwa zunubi ne, gajiya ba ta mai da shi halal. Amma ruwa ba ya tsami banza. Yawancin waɗanda suka shiga makarantar koyon jinya a Sakkwato ko wani wuri sun shiga da zuciya mai taushi. Bari mu ga abubuwan da suke sa kayan nan ya yi nauyi ko ya yi sauƙi.

Na fari, yawan majinyata da ƙarancin hannu. Tausayi yana bukatar lokaci. Nas mai duban mutum shida tana iya zama a bakin gado ta saurara. Wadda take ita kaɗai a ɗaki cike, da kyar take ganin fuskoki. A farkon 2024 magatakardan majalisar da ke kula da aikin jinya da ungozoma a Nijeriya ya bayyana cewa nas-nas kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Kowane ɗaya da ya tafi Ingila ko Amurka ko Saudiyya, ya bar gadajensa ga wanda ya rage. Asibitocin karkara kuwa su suka fi ji a jika, domin ko cikin waɗanda suka rage, da yawa sun fi son zama a birni. A ranar 30 ga Yuli 2025 ƙungiyar nas-nas da ungozomomi ta ƙasa ta shiga yajin aikin gargaɗi, cikin bukatunta har da ɗaukar ƙarin ma'aikata da gyaran alawus na aikin dare.

Na biyu, talauci da rashin kayan aiki. Babu abin da ke cin ran ma'aikaci kamar ya san abin da ya kamata a yi, amma babu abin yi da shi. Nas ce take miƙa wa uba takardar maganin da ta san ba shi da kuɗinsa. Ita ce take faɗa wa dangi cewa sai an wuce da majinyaci Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tana kuwa ganin idonsu yana lissafin kuɗin mota. Ba ita ta sa farashi ba, ba ita ta ɗauke wuta ba, amma fuskarta ce a gabansu, saboda haka a kanta fushin yake sauka.

Na uku, lokutan annoba da masifa. Ƙasarmu tana cikin yankin da sanƙarau yakan tashi a lokacin zafi. Dattawa suna tuna 1996, shekarar da fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. A 2017 ya sāke tashi a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu, ƙasar Bodinga ma ba ta tsira ba. A 2021 aka yi fama da amai da gudawa. A watan Afrilu 2022 kwalekwale ya kife da mutanen Gidan Magana a ƙasar Shagari, rayuka 29 suka salwanta, yawancinsu yara da matasa. A irin waɗannan ranaku kowa yana da izinin yin kuka, sai mai farar riga. Ga shi kuma yana tsoron kada ya kai wa iyalinsa cutar da yake jinya.

Na huɗu, al'adarmu. Mu mutane ne masu kunya da dauriya. Ana koya mana tun muna yara cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Majinyaci yana bakin mutuwa, a tambaye shi jiki, sai ya ce da sauƙi. Mace tana naƙuda tana cije leɓe don kada a ce ta yi raki. Wannan hali yana da kyaunsa, yana riƙe mutunci. Amma yana sa aikin nas ya ninku, domin sai ta karanta abin da ba a faɗa ba, ta san yadda za ta tambayi matar aure abin da kunya ta hana ta faɗi a gaban surukarta. Ita ma kuma al'adar ta ɗaure ta. In ta ce ta gaji a zuciya, za a ce ai aikinta ne, ta yi haƙuri. Waɗanda aka turo daga nesa, daga Zuru ko kudancin Kaduna ko ƙasar Ibo, suna da ƙarin aikin koyon Sakkwatanci da gaisuwar mutanen wurin, wani lokaci da ɗan Fulatanci, kafin majinyaci ya saki jiki da su.

Na biyar, shugabanni da abokan aiki. Inda shugabar nas-nas takan ja ƙaramar ma'aikaciya gefe bayan an yi rashi, ta ce mata zauna ki sha ruwa, kin yi iyakar ƙoƙarinki, kayan yakan ragu da rabi. Inda kuwa likita yake yi wa nas tsawa a gaban majinyata, ko ake neman wanda za a ɗora wa laifi, sai kowa ya rufe zuciyarsa. Wanda aka wulakanta daga sama, sau da yawa yakan sauke a kan na ƙasa da shi, na ƙasa kuwa shi ne majinyaci.

Na shida, gida. Yawancin masu wannan aiki mata ne. Ta gama lallashin baƙi a asibiti, ta komo ta tarar da miji yana jiran abinci da fara'a, yara suna jiran uwa, maƙwabta suna jiran a duba musu yaro mai zazzaɓi. Rijiyar da ake ɗiba dare da rana ba a barinta ta taru, laka za ta fara bayarwa.

YESU YA SAN WANNAN KAYA

Yanzu bari mu duba Mai Cetonmu. A Markus sura 5, Yayirus ya zo yana roƙo domin 'yarsa tana bakin mutuwa. Suna cikin tafiya, taro yana matsa shi, sai wata mace wadda ta shekara goma sha biyu tana zub da jini, ta kuma ƙarar da dukan abin da take da shi wurin masu magani, ta taɓa rigarsa ta warke. Markus ya ce nan take Yesu ya sani iko ya fita daga gare shi. Ku riƙe wannan. Warkar da mutum yana cire wani abu daga jikin mai warkarwa. Ubangiji kansa ya ji fitarsa. Duk da gaggawar da ke gabansa, ya tsaya, ya saurari matar har ta gama, ya kira ta 'yarsa. Kafin ya rufe baki aka kawo labarin mutuwar yarinyar, sai ya juya ya ƙarfafa uban. Daga gado ɗaya zuwa wani gado, babu hutu a tsakani. Wace nas ce ba ta san wannan ba?

Amma ku duba sura 6. Almajirai sun komo daga aiki, mutane suna ta kai da kawowa har ba su sami zarafin cin abinci ba. Yesu bai ce su ƙara dauriya ba. Ya kira su gefe, wurin da ba kowa, su ɗan huta. Shi kansa yakan tashi da asuba ya keɓe domin addu'a. Ya yi barci a cikin jirgi saboda gajiya. Ya yi hawaye a kabarin Li'azaru a gaban jama'a. A Getsamani kuma ya ɗauki abokai uku ya faɗa musu baƙin cikin da ke ransa. Idan Ɗan Allah ya bukaci hutu da hawaye da abokai, wane ne mu da za mu ce ma'aikaciyar jinya ba ta bukatarsu?

Ga amsar da muka ba 'yar'uwar nan, muna kuma ba duk mai irin damuwarta. Hannun da ya daɗe yana riƙe fartanya yakan yi kanta. Kantar nan ba alamar lalaci ba ce, shaidar aiki ce, a ƙarƙashinta kuma akwai nama mai rai. Zuciyar da ta ji tsoro domin ba ta ji kome ba, ba ta mutu ba. Dutse ba ya damuwa da taurinsa. Ki zo wurin Allah yadda kike. A gabansa babu bukatar gyaran fuska, gama masu Zabura ma sun kawo masa gajiyarsu da gunaguninsu bai kore su ba.

Muna da magabata a wannan ƙasa. Tun ƙarshen shekarun 1930 ma'aikatan mishan na SIM da mataimakansu 'yan ƙasa suka yi ta wanke miyakun masu kuturta a Amanawa, kusa da Dange, a zamanin da mutane suke gudun ko inuwarsu. A 2020 kuma a Amanawa ɗin aka keɓe masu cutar korona, wasu ma'aikata suka shiga wurinsu. A cikin Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma, mai cin baki da fuska, wanda aka buɗe a 1999. Nas a wurin tana duban yaron da ciwo ya ɓata wa fuska, ta yi masa murmushi na gaske har ya yarda shi ma mutum ne. Musulmi da Kirista suna yin wannan aiki kafaɗa da kafaɗa, Allah kuwa yana ganin kowa.

ME ZA MU YI?

Ku ma'aikatan jinya, ku nemi ɗakinku kamar Yusufu. Ku keɓe ko minti goma kafin ku shiga aiki da bayan kun tashi, ku ambaci majinyatanku a gaban Allah, ku bar su a hannunsa, domin ku masu jinya ne, shi ne mai warkarwa. Ku sami aboki ɗaya ko biyu masu riƙon asiri waɗanda za ku faɗa wa gaskiya, ba tare da tona asirin majinyaci ba. In barci ya ƙaurace muku, ko kuka ga kuna jin haushin kowa, ko tunanin mutuwa yana yawan zuwa, ku ga likita, wannan ba rashin bangaskiya ba ne. In kuma kun san kun yi wa wani tsawa ba da hakki ba, ku koma ku ce ya yi haƙuri. Kalmar nan takan warkar da mai faɗinta tare da mai jinta.

Mu masu kai marasa lafiya, mu kai su da wuri, kada mu bari sai ciwo ya ci ƙarfinsu sa'an nan mu nemi wanda za mu zarga. Mu gai da ma'aikaci kafin mu faɗi bukatarmu. In aka yi mana ba daidai ba, mu kai ƙara wurin shugabanni cikin natsuwa. In aka sallame mu lafiya, mu koma mu ce mun gode. Cikin kutare goma da Yesu ya warkar, ɗaya ne ya komo, Ubangiji kuwa ya lura.

Ku mazajen nas-nas da 'ya'yansu, wadda ta kwana a tsaye ku bar ta ta yi barci. Namiji bai ragu da kome ba don ya ɗora ruwa a wuta ko ya shirya yara zuwa makaranta.

Mu ikilisiya kuma, mu daina auna ruhaniyar mutum da yawan zuwansa taro. Wadda take ɗakin haihuwa ran Lahadi da safe tana hidimar Ubangiji. Zumuntar mata da dattawa su riƙa ziyartarsu a lokacin da ya dace da su. Kada mu mai da harabar coci ta zama wani asibiti. Ranar 12 ga Mayu, ranar haihuwar Florence Nightingale, ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya. Me zai hana a Lahadin da ke kusa da ita mu tsai da su a gaba mu yi musu addu'a, mu kuma aika da gaisuwa ga abokan aikinsu Musulmi? Manzo Bulus ya umarci Galatiyawa, a sura 6 aya 2, su riƙa taimakon juna da kaya masu nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga masu mulki kuwa, muna tuna musu da Basamariyen nan na Luka sura 10. Da ya kai wanda aka yi wa rauni masauki, bai bar mai masaukin da fatar baki ba. Ya ba shi dinari biyu, ya kuma yi alkawarin biyan abin da ya ƙaru. Wanda aka bar wa jinya, a bar masa abin yin jinyar. A ɗauki isassun ma'aikata, a biya su a kan kari, a sa wuta da ruwa da magani, sa'an nan a nemi fara'a a wurinsu.

'Yar'uwar nan ta komo sujada. Ba ta bar aikinta ba, dare mai nauyi kuma bai ƙare ba. Amma yanzu akwai mata biyu da suke zuwa wurinta ran Alhamis da yamma, ba da takardar magani ba, sai don su zauna su ji yadda take.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, kai da kake ganin abin da ke ɓoye, muna kawo maka ma'aikatan jinya na Bodinga da Shagari da na ƙasarmu duka. Ka ga hawayen da suke sharewa kafin su shiga ɗaki. Ka sabunta ƙarfin waɗanda suka gaji, ka tausasa zuciyar da ta yi kanta, ka gafarta wa waɗanda suka yi kuskure cikin fushi. Ka gafarta mana mu ma, da muka ɗora musu kaya ba mu tambayi lafiyarsu ba. Ka ba shugabanninmu zuciyar adalci. Ka taɓa marasa lafiya da suke jinmu yanzu, ka ta'azantar da waɗanda suka yi rashi. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.